Babbar riga a gindin ruwan Gavarnie

Daga wajen ajiye motoci na ƙauyen Gavarnie, a duwatsun Pyrenees da ke kan iyakar Faransa da Sifaniya, kana hango wani ruwa yana zubowa daga saman dutse fari fat, har ka rantse da ka taka kaɗan ka isa. Ido ne yake yi maka ƙarya. Bangon dutsen da ya zagaye wurin ya kai wajen mita 1,500 daga ƙasa zuwa ƙololuwa, shi kuwa ruwan daga tsayin mita 422 yake faɗowa. Abu idan ya cika girma sai ya haɗiye tazarar da ke tsakaninku.

Da wannan lissafi na ido na saɓa babbar riga ta shadda, na kafa hula, na zura takalmin fata mai sulɓin ƙasa, don hoto nake so na kece raini. Abokina da ke karatu a can ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Alhaji, ɗaurin aure aka gayyace mu ne?" Shi yana sanye da takalmi mai haƙora da ya rufe idon sawu, ga rigar ruwa da gora a jaka. Na ce masa wanda ya hau Dala a guje ba a koya masa hawan dutse.

Wurin kamar ƙwarya yake da aka fasa gefe guda, ta nan ake shiga. Ƙanƙara ce ta sassaƙa shi cikin dubban shekaru: ruwa ya shiga tsagar dutse ya daskare ya buɗa ta, sannan tulin ƙanƙarar ya ja ɓaraguzan zuwa ƙasa yana kankare gindin. A 1997 UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa yankin cikin wuraren gado na duniya. Bakin ƙwaryar arewa yake kallo, saboda haka inuwa takan daɗe a ciki, sanyi kuma ba ya jin kunyar watan Yuli.

Zangon farko ba shi da laifi. Ƙauyen yana kan tsayin mita 1,370 daga matakin teku ko kusa da haka, tsohon masaukin da ke bakin kwarin kuma wajen 1,570, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci a hanya mai faɗi da ke bin rafi. Har jakuna da dawakai ake bayarwa haya. Na tsaya ina kallon Turawa suna biyan Yuro don su hau jaki, ana ja musu linzami suna murna, na ce lallai duniya da faɗi take. Na wuce su da ƙafa ina ɗaga hannun riga.

A masaukin yawancin mutane suke tsayawa su sha shayi su juya, kuma ba wawaye ba ne. Daga nan zuwa gindin ruwan kusan awa guda ce, hanyar kuwa ta ƙare, sai tsakuwa da ɓaraguzan dutse a kan gangare. Ka taka gaba sau uku, ta dawo da kai sau ɗaya. Dabarar ita ce gajeren taku, tafin ƙafa duka a ƙasa, a kuma bi sawun da aka riga aka daddale a karkace maimakon a miƙe sama. Takalmina dai ba shi da ra'ayi a kan ko ɗaya. Na koma tafiya da ƙafa huɗu, rigar na share mini hanya.

Ina cikin haka na ji fito mai ƙarfi, fiit! Na tsaya cak, na ɗauka ma'aikacin da ke tsaron wurin ne ya kama ni da laifi, har na fara laluben fasfo. Ashe marmot ce, wata dabba dangin kurege mai ƙiba, tana zaune bisa dutse tana sanar da 'yan uwanta cewa ga wani abu shuɗi yana rarrafe.

Sai kuma guntun dusar ƙanƙara da ya ƙi narkewa ya tare mu. Na ɗaga ƙafa zan bi ta kai, mutumina ya riƙo ni ta wuyan riga. Ya ce in saurara. Ruwa ne ke gudu a ƙarƙashi. Rafin yana cinye dusar ta ciki, ya bar ɓawo a sama wanda ido ba ya gane kaurinsa, kuma mai faɗawa ciki ba ya fitowa da labari mai daɗi. Zagayawa ake yi, ko da za a ƙara minti goma.

A gindin ruwan ba a tsayawa da shadda. Faɗowar ruwan na tura iska mai ƙarfi haɗe da feshi mai sanyin ƙanƙara, kuma dutsen ƙasa jiƙe yake da santsi. Kafin in gyara tsayuwa iskar ta cika rigar ta kifa mini ita a ka, hular kuma ta kama hanyarta ba sallama. Abokina ya ɗauki hoton a haka, haƙorana na kaɗawa a ciki. Da azahar ta yi na ce bari in yi alwala a rafi. Ina kai wa ga shafar kai na ji har tunanina ya daskare.

Saukowa ta fi hawa cin gwiwa, nan ne sanda biyu da masu hawan dutse ke dogarawa suke biyan kuɗinsu. Ga shi da rani hadari yakan haɗu bayan azahar, da tsawa, shi ya sa masu hankali ke barin ƙauyen da sassafe. Mu ruwan ya cim mana kafin masaukin. Da muka zo wajen jakunan nan na gaishe su da ladabi, na tambayi farashi.

Da daddare ina gasa ƙafa abokina ya shimfiɗa taswira ya ce gobe sai Brèche de Roland, wata ƙofa a saman bangon, sama da mita 2,800, faɗinta mita 40, in ka ratsa ta ka shiga Sifaniya. Na ja bargo na ce, "Allah Ya kai ka lafiya, ka gaida Sifaniyawa."