Zumuncinmu Yakan Tsaya a Ƙofar Masana'anta

Kafin in taho Jamus na yi shekara huɗu ina aiki a wani kamfanin casar shinkafa a Gombe, kuma har yau ban ga mutanen da suka kai abokan aikina na can zumunci ba. Idan aka yi wa ɗayanmu haihuwa, ranar suna duk muna ƙofar gidansa. Idan rasuwa ce, mota guda muke cikawa zuwa Kumo ko Dukku domin ta'aziyya. Amma da zarar an tayar da inji, sai kowa ya kama kansa. Mai kula da inji yakan ji ƙarar da bai yarda da ita ba, ya ja bakinsa ya yi shiru don gudun kada manaja ya ɗora masa laifi, har sai bel ya tsinke an yi asarar aikin kwana biyu.

A masana'antar da nake aiki yanzu kusa da Hambug, wanda muka shekara uku tare bai san sunan 'ya'yana ba, kuma wannan yana damuna ƙwarai. Sai dai kowace safiya, kafin masu aikin dare su tashi, mukan tsaya minti goma a gaban allo, kowa ya faɗi abin da ya lalace da abin da ya rage, kuma ɗan koyo yana iya gyara wa injiniya magana ba tare da an ce ya yi rashin kunya ba. Doka ma tana bayansu, domin wata dokar Jamus ta shekarar 1972 ta ba ma'aikatan duk wurin da ke da mutum biyar zuwa sama damar zaɓen majalisarsu, wadda dole a saurara kafin a sallami kowa.

A ganina, masu kamfanoni a Gombe da Bauchi ba su da bukatar ɗauko masu lacca daga Abuja su koya wa ma'aikata haɗin kai. Duk wanda ya taɓa zuwa gayya ya san mai gona shi ma da fartanya yake shiga, kuma wanda ya gama kunyarsa yakan juyo ya tari wanda aka bari a baya. Abin da ya rage shi ne manaja ya riƙa saukowa wurin inji kullum, ya gode wa wanda ya kawo masa labarin matsala a gaban jama'a, sannan ya biya albashi a kan lokaci, domin wanda yake bin bashin wata biyu ba zai ɗauki injin a matsayin nasa ba.