Arthur C. Clarke Bai Ƙera Tauraron Ɗan Adam Ba

Idan masoya Arthur C. Clarke suka tuna da shi, sukan ce shi ya ƙirƙiro tauraron ɗan Adam na sadarwa. Ba haka abin yake ba. Wannan marubucin ƙagaggun labaran kimiyya ɗan Ingila, wanda ya rasu a Siri Lanka a 2008, maƙala ya rubuta a mujallar Wireless World a 1945. Ya nuna cewa tashoshi uku a nisan kusan kilomita 36,000 a sararin samaniya, masu zagayawa daidai da juyawar duniya, za su iya kai saƙon rediyo kusan ko'ina. Hangen nesa ne mai ban sha'awa ƙwarai. Amma Herman Potočnik, wani injiniya ɗan Sloveniya, ya riga shi maganar wannan falaki, kuma injiniyoyin Amurka ne suka fara kai tauraro can, Syncom 3, a 1964.