"Ba laifi" ba gyara ba ne

Shekara biyu ina kai wa ogana rahoto yana cewa "ba laifi, ka yi ƙoƙari," ni kuwa in fito ina murna. Ashe bayan an tashi shi yake zama ya sake rubuta rabinsa kafin ya wuce teburin darakta. A bakin sakatariyarsa na ji, kuma wallahi abin ya yi min ciwo, don da na san inda nake kuskure da tuni na gyara.

Ban ga laifinsa sosai ba. Kara ce. Da wuya mu faɗa wa mutum aibin aikinsa ido da ido, balle wanda kuke sahu ɗaya a sallar azahar, ka je sunan ɗansa ya zo na naka. Ko fom ɗin auna ƙwazon ma'aikaci na ƙarshen shekara, sau da yawa maki ake zubawa don kada a ce wane ne ya tare wa wane ƙarin girma. Amma ku leƙa shagon tela. Yaro ya karkata wuyan riga, nan take maigidansa zai miƙa masa reza ya ce farke. Shi ya sa hannun yaron yake faɗawa da wuri, mu kuma muna maimaita kuskure ɗaya har mu tsufa a kujera.

Daga baya na gane tambayar "yaya ka ga aikina?" gaisuwa ce, amsar gaisuwa kuma ake ba ta. Wata Laraba bayan la'asar, ofis ya yi tsit, na ajiye masa takardar na ce, "Ranka ya daɗe, da kai ne darakta, a ina za ka gaji ka daina karantawa?" Ya dube ni jim, ya jawo jan biro, ya zagaye wani layi a shafi na uku. Ya ce, "Ga kuɗin da muke nema, ka binne su a nan. Darakta shafin farko yake karantawa ya sa hannu."

Bakina ya yi ƙaiƙayin in kare kaina, na danne. Na san in na yi musu sau ɗaya, gobe "ba laifi" zan sake ji. Godiya kawai na yi.

Mako na gaba na kai masa wani rahoton, adadin kuɗin yana layin farko. Ya karanta, bai taɓa shafin ba, ya buɗe na biyu ya ce in jawo kujera, akwai saura.