Ciwon Ƙoƙon Gwiwa Ba Sanyi Ba Ne, a Daina Bin Sa da Allura

Duk lokacin da aka buɗe ɗaukar sojoji ko 'yan sanda, samari kan cika titi bayan sallar asuba ana gudu. Wanda ya shekara bai yi gudun mita 100 ba, yau ya ɗauki kilomita 5 a kan kwalta, gobe ma haka, da takalmin da ƙasansa ya cinye. Kafin a yi nisa an fara ɗingishi. Ka tambaye shi ina ke ciwo, ba zai iya nuna wuri ɗaya da yatsa ba, sai ya kifa tafin hannu a kan ƙoƙon gwiwa ya ce, "Nan ne dai, kamar daga ciki." Nan take majalisa ta yanke hukunci: sanyi ne. A wuce kemis a yi allurar kashe zafi ta diclofenac, a shafa man zafi.

Ni wannan hukuncin ne ban yarda da shi ba. Ƙoƙon gwiwa yana zamewa ne sama da ƙasa a cikin wani ɗan kwari da ke ƙarshen ƙashin cinya duk sanda ka lanƙwasa ƙafa. A tafiya, matsin da ke kansa kusan rabin nauyin jikinka ne. A hawa bene yakan kai ninki uku, a tsuguno kuwa ya zarce haka nesa. Shi ya sa mai wannan ciwon yake jin jiki wajen saukowa daga matakala, da tsuguno a banɗaki, da tasowa daga sujada, da dogon zama a mota ƙafa a naɗe. Tsokar gaban cinya da ta ɗuwawu su ne linzamin ƙoƙon. In ba su da ƙarfi, kuma ka ɗora musu aikin da ba su saba ba lokaci guda, gwiwa tana karkata ciki duk takun da ka yi, wurin ya ɗau zafi. Sau da yawa ko hoton ƙashi aka yi ba a ganin komai.

Allura tana kashe zafi na ɗan lokaci, amma ba ta ƙara wa tsoka ƙarfi. Yawan shan irin waɗannan magunguna kuma yana taɓa ƙoda da ciki, ballantana ga mai gudu a rana bai sha isasshen ruwa ba. Kwanciya gaba ɗaya ma ba mafita ba ce: zafin ya lafa, ka koma fili, ya dawo. Masana da suka taru a birnin Manchesta na Ingila a 2015 kan wannan ciwo sun fi ba da ƙarfi ga atisayen kwankwaso da cinya a haɗe. Ka rage nisan gudun zuwa inda gwiwa za ta iya ɗauka, ka ɗan gajarta taku, ka bar gangara tukuna, ka riƙa ƙari a hankali. Abu ne na makonni 6 zuwa 12, wani ma ya fi, kuma a nan ne yawancinmu haƙuri ke ƙarewa.

Masu cewa gudu ne ke cinye gwiwa kuwa, wani babban nazari na 2017 ya sami amosanin gwiwa ko na kwankwaso a kashi 3.5 cikin ɗari na masu gudun motsa jiki, amma a kashi 10.2 na masu zama kawai. Laifin na gaggawa ne, ba na gudu ba.

Sai dai ba kowane ciwon gwiwa ne wannan ba. In ta kumbura, ko tana ƙagewa, ko tana sakin ka kana tafiya, ko ciwon ya biyo bayan faɗuwa ko taɗiya a filin ƙwallo, ko ga zazzaɓi, to ka bar atisayen gida ka ga likitan ƙashi. In babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, sashen gashin ƙashi (physiotherapy) na asibiti za ka nema, su duba yadda kake tsuguno da ƙafa ɗaya su tsara maka atisayen da ya dace da kai.