Yadda na zama shugaban kamfanin jirage marasa tashi

Ƙanina ne ya jawo min. Shi ya saka min wasan nan a waya, wanda ake ba ka ɗan jari ka kafa kamfanin jiragen sama, ka sayi jirage, ka buɗe hanyoyi, ka zauna kana ƙirga riba. Shi nasa kamfanin Boeing 737 ne zalla, ba gauraye. Na ce masa wannan ai rashin buri ne. Ya ce, "Yaya, Southwest ta Amurka ma haka take yi, kuma ba ta mutu ba." Na ce ita ta jiyo.

Ina shiga kasuwar jiragen hannu idona ya faɗa kan wani Boeing 747-200, mai inji huɗu da tozo a ka, ɗan gidan da ya fara ɗaukar fasinja tun 1970. Kuɗinsa bai kai na sabon ƙaramin jirgi ba. Na saya, na sa aka shafe shi da fenti mai tsada, har suna na raɗa masa. Akwai wani ɗan jan rubutu a ƙasan hotonsa, amma ban karanta ba. A ganina duk abin da mai kaya ya rubuta da ƙananan haruffa ba ya so a gani ne, ni kuwa ba na shiga sirrin mutane.

Na ɗauki matuƙa biyu, na danna tashi. Jirgi ya ce bai san zancen ba, wai saura mutum ɗaya. Ashe wannan samfurin mutum uku ke zama a gaba: kyaftin, mataimakinsa, da injiniyan da ke bayansu yana fuskantar bangon maɓallai da agoguna, yana lura da mai da injuna. Sai a kan 747-400, wanda ya fara aiki a 1989, aka cire kujerarsa. To, na ɗauko injiniya. Aka ce saura masu kula da fasinja, kowace kujera 50 mutum guda, ni kuwa saboda hangen nesa na jera kujeru har ƙofar banɗaki. Na ɗiba. Can kuma aka tuna min cewa a ƙa'idar Turai matuƙi ba ya wuce awa 100 a sama cikin kwana 28, ko awa 900 a shekara. Wato jirgi mai dogon zango tawaga ɗaya ba ta isarsa. Wasu na sama, wasu na sharar barci a otal da kuɗina.

Duk da haka kuɗi sun fara shigowa, har na soma yi wa ƙanin nawa kallon tausayi. Kwatsam sai ga saƙo: jirginka ya isa sabis ɗin D.

Masu wannan harka da haruffa suke raba gyara. Na A shi ne ƙarami, bayan 'yan ɗaruruwan awoyi a sama, sau da yawa dare ɗaya ya isa. Na C kusan duk shekara biyu, jirgi ya yi makonni a rumfar gyara. Shi kuwa D, wanda ke zuwa bayan shekara 6 zuwa 10, ba gyara ba ne, fiɗa ce. A kwashe kujeru, a ɗaye bango, a leƙa kowane ƙarfe ana neman tsatsa da tsagewa, abin ya kai wata biyu. Har fenti ake kankarewa. Fentina! Wannan ne fa abin da jan rubutun yake faɗa, kuma har gobe ina ganin da mai mutunci ne ya sayar min, da manyan baƙaƙe zai rubuta.

Akwai maɓallin ɗage gyara, na kuwa ba shi haƙƙinsa. Lambar lalacewa ta yi ta hawa, jirgi ya koma makara kullum, fasinja suka watse. Dole na miƙa shi ga kanikawa. Da na buɗe shafin albashi na ga ana biyan mutanen da jirginsu ke kwance ba inji, sai na ja layin albashin baya kaɗan, na kowa da kowa, don adalci. Kowane rukuni na da 'yar fuska kusa da sunansa. Ina kallo ta tashi daga kore mai murmushi ta koma rawaya, bakin ya miƙe, sannan ta yi jajir. Kanikawa suka tafi yajin aiki, suka bar min jirgi a buɗe, kujeru a gefe, injuna a ƙasa.

Na ci bashin banki na sayo Airbus A320 don ya riƙa kawo na kashewa. Nan ma aka ce matuƙan Boeing ba sa taɓa shi sai an tura su horo sun samo shaidar wannan samfurin, kayan gyaransa ma daban ne. Tsugune ba ta ƙare ba ke nan.

Yanzu a duk kamfanin mutum ɗaya ne fuskarsa ke kore, injiniyan nan na kujera ta uku. A320 ba shi da wurin zamansa, 747 kuma yana kwance, albashinsa dai na shiga ko da an rage. Na je zan kore shi, wasan ya nuno min kuɗin sallama. Na duba asusu, na sake duba kuɗin, na ce a ƙyale bawan Allah, ai bai taɓa yi wa kowa rashin kunya ba.