Ɗakunan da suka raini 'yan bariki

Duk lokacin da na ji an kira mutum ɗan bariki da nufin zagi, raina yakan sosu, domin a barikin kuza na tashi, a ƙasar Filato, kuma na san irin mutanen da wannan zama ya haifar.

Turawa sun fara haƙar kuza a farkon ƙarni na 20, kuma bayan layin dogo daga Zariya ya iso Bukuru a 1914, leburori suka yi ta kwararowa daga Kano da Katsina da Bauci da Barno, wasu kuma aikin tilas na lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ne ya kawo su daga 1942. An zaunar da su a wurare irin su Barikin Ladi da Bisichi da Gindin Akwati, su kuwa manyan Turawa suka koma can gefe cikin gidaje masu baranda da lambu.

Namu gidan jerin ɗakuna ne ƙarƙashin rufin kwano ɗaya, babu zaure, babu katanga. Wanda ya san gidan Bahaushe ya san girman wannan rashi, domin a zaure maigida yake tarbar baƙo, shi ne kuma yake suturta iyali. A wurinmu kuwa ƙofar kowa tana kallon fili ɗaya, famfo ɗaya muke tarayya a kansa, kuma idan maƙwabci ya yi tari cikin sanyin Disamba, mahaifiyata takan ji ta bango, da asuba ta aika masa da kunu mai zafi. Birom ne ko Angas ko Ibo, da Hausa ake gaisawa.

Ban yarda an yi ginin don mutuncinmu ba. An yi shi ne don arha da sauƙin ƙidayar leburori, kuma matan aure sun sha wuyar rashin sirri. Amma a cikinsa muka tashi muna amsa tambayar “ɗan ina ne kai?” da sunan bariki, ba da garin kakanninmu ba.

Kasuwar kuza ta karye a 1985, rikicin Jos na 2001 kuma ya fara raba unguwanni bisa addini. Da na koma bara, na tarar kowa ya zagaye ɗakinsa da bulo, famfon da muke layi a kansa yana cikin katangar mutum ɗaya.