Tsarin da muke nema ta ƙarƙashinmu

Assalamu alaikum 'yan uwa.

A cikin azkar na safiya da maraice akwai addu'ar da Abdullahi ɗan Umar (RA) ya ce Manzon Allah (SAW) ba ya barin ta. A ƙarshenta ake cewa: "wa a'uzu bi azamatika an ugtala min tahti", wato ina neman tsari da girmanKa kada a halaka ni ta ƙarƙashina ban shirya ba. Malamai suka ce ana nufin ƙasa ta kife da mutum. Mu kuwa baki na karantawa, ido na kan waya, don a ganinmu ƙasa ai ƙasa ce, ina za ta?

To ku tambayi mutanen Mayot, wani tsibiri a Tekun Indiya tsakanin Madagaska da Mozambik, ƙarƙashin mulkin Faransa, wanda akasarin mazaunansa Musulmi ne. Ranar 10 ga Mayu 2018 ƙasa ta fara rawa da su. Ranar 15 ga wata, ana dab da shiga azumi, aka yi girgiza mafi ƙarfi, mai maki 5.9. Ba ta tsaya nan ba. Yau ta motsa, gobe ta motsa, har aka ƙirga dubbai cikin watanni. Bangaye suka tsattsage, wasu suka koma kwana a waje da 'ya'yansu. Ranar 11 ga Nuwamba na'urori har a Kanada da Hawai suka ɗauki wani gunji daga yankin, ya fi minti 20 yana maimaituwa. Tsibirin kansa ya matsa gabas kimanin santimita 20, ya kuma ɗan nutse.

Sai a Mayu 2019, shekara guda cur, jirgin binciken Faransa mai suna Marion Dufresne ya gano dalili. Kilomita 50 gabas da tsibirin, a zurfin teku kimanin mita 3,500, ga sabon dutse mai aman wuta, tsayinsa ya kai mita 800, a wurin da binciken 2014 bai nuna shi ba. Narkakken dutse ne ke tasowa daga can cikin ƙasa, yana fasa duwatsun da ke hanyarsa, fashewar nan ce ake ji a matsayin girgiza. Da rumbun narkakken dutsen da ke can ƙasa ya ragu, sai ƙasar da ke sama ta lotsa. Aka sa wa sabon dutsen suna Fani Maoré. Subhanallah! Ana gina dutse sukutum a cikin duhun teku, masunta na wucewa a sama.

Kada wani ya yi saurin cewa azaba ce aka saukar musu. Waye ya ba ka labari? Ba su fi mu saɓo ba, kuma wannan irin hukunci ba namu ba ne. Tambayar Suratul Mulk, aya ta 16, ni da kai take yi wa: shin kun amince wa Wanda ke sama kada Ya kife ƙasa da ku, sai ga ta tana girgiza?

Mai tauye mudu, a kan ƙasar nan yake tsaye. Mai cin gadon marayu, a kanta yake gini har hawa biyu. Gobe bayan asuba, in ka iso "min tahti", ka ajiye wayar, ka faɗe ta a hankali. Allah Ya tsare mu ta gabanmu da bayanmu, da dama da hagu, da sama da ƙasa.